Daga Bakin Kafinta Na Ji 'Yata Na da Ciki

Malama mai wannan fili,

Assalamu alaikum. Ki taimake ni da shawara, kuma ki taimaka da wuri, domin kwana goma sha tara suka rage mini. Ban taɓa zaton zan rubuto wa filin jarida ba. Shekara talatin da uku ni ake kawo wa matsala a cikin fayil, in rubuta mafita a ƙasanta in sa hannu. Yau ga ni da shekara sittin da tara, ina zaune a teburin cin abinci ina kai ƙara wurin wadda wataƙila na haife ta, saboda a gidana babu sauran wanda zan yi wa magana.

Mako uku da suka wuce na ɗauki wata kujera da ƙafarta ta karye na kai wa kafintan bakin layinmu. Na same shi yana goge wani ɗan ƙaramin gado mai shinge, irin na jarirai. Yana ganina ya washe baki, wai ashe yau kakan da kansa ya zo duba aiki. Ya ce in gaya wa mutuniyar ta kwantar da hankalinta, fentin da ta zaɓa ya iso, gado zai kammalu tun kafin mai shi ya sauka. Har da tsokana, wai in fara shiri, in namiji ne ya zo zai raba ni da tsohuwar, in mace ce kuma na yi amarya a tsufa. Na yi dariya tare da shi. Na shafa gadon na ce aiki ya yi kyau. Na ajiye kujerar na juyo, ban ma faɗa masa abin da ya same ta ba. 'Ya ɗaya gare ni a duniya, Malama, kuma a gaban kafinta, cikin ƙurar katako, na ji tana da ciki.

Sai na koma baya kafin ki gane zafin abin. Ni ɗan boko ne na lokacin da ake karatu. Na fita da sakamako mafi kyau a ajinmu, aka tura ni ƙaro ilimi, na dawo na kama aiki a ofishin tsare-tsare da ƙididdiga. Aikinmu tattara alƙaluma: mata nawa suka haihu, suna da shekara nawa, aji nawa suka kai, me mazansu ke samu, yara nawa suka rayu. Duk shekara amsar ɗaya ce. Mace in ta yi nisa a karatu takan jinkirta haihuwa, ta haifi kaɗan, 'ya'yanta su fi lafiya, su fi daɗewa a makaranta. Na zana wannan a allo a gaban manya da ƙanana har hannuna ya haddace. Shugabanmu, wanda ya fi kowa iya jawabin cewa 'ya'ya biyu sun isa, ranar walimar ritayarsa 'ya'yansa layi biyu na kujeru suka cika. Sai a ranar na gane ni kaɗai ne wawan da ya ɗauki darasin ya kai gida.

Na auri mai ɗakina tana da shekara ashirin, tana gama kwalejin horon malamai. Ɗaki ɗaya muke haya, famfo ɗaya tsakanin mu da maƙwabta bakwai, da rana sai mun jingine katifa da bango kafin mutum biyu su iya gilmawa. Na ce mata ba za mu kawo ɗan mutum cikin wannan akurki ba sai an ba ni gida a kwatas ɗin ma'aikata. An ce mini shekara biyu. Sai da aka yi shida. 'Yan'uwa suka yi ta kawo mata magunguna a ƙulle a leda, suna zaton matsala ce, tana karɓa tana godiya tana zubarwa a bayan ɗaki. Da muka samu kwatas aka haifi yarinyar. Na ce na biyu sai an yi mini ƙarin girma. Aka dakatar da ƙarin girma a duk ma'aikatar, muka yi shekara takwas muna sauraro. Da lokaci ya yi a takarda, bai yi a jiki ba. Ciki biyu suka zube, likita ya ce a haƙura haka nan. Ba ta taɓa ce mini uffan ba, ni kuma na ɗauka mun fahimci juna.

Yarinyar tun tana rarrafe nake kiranta Dakta. Maƙwabta kuma Auta suke ce mata, wai ita ce ta fari ita ce auta. Duk abin da zan raba wa biyar na tattara na zuba a kanta. Ban sayi mota ba har na bar aiki. Ta yi digiri a kimiyyar sinadarai, ta ƙara na biyu, ta samu aiki a wani ɗakin gwajin ruwan sha tana da shekara ashirin da takwas. Na kwantaragi ne, ana sabuntawa duk shekara, da alƙawarin za a mayar da su na dindindin nan da shekara biyu. Shekara na zagayowa ta kawo miji, malamin makaranta ne, da yamma yana hawa rufin mutane yana haɗa musu wutar sola. Ban so ba, ban kuma hana ba.

Dokar wurin aikinsu ita ce hutun haihuwa mai albashi na ma'aikatan dindindin ne kaɗai. 'Yar kwantaragi in ta haihu ba wanda zai kore ta. Kawai in shekara ta ƙare sai a manta da sabunta takardarta, a kawo wata. Na san wannan doka ciki da bai, domin ina cikin kwamitin da ya duba irinta shekarun baya. Mun ce ta wucin gadi ce, kafin kuɗi su samu.

Uba ba ya zaunar da 'yarsa ya yi mata irin wannan magana baki da baki. Ni kuma abin da na iya shi ne takarda. Saboda haka duk shekara, a makon da aka sabunta kwantaraginta, nakan rubuta mata shafi guda, sakin layi uku masu lamba. Na ɗaya, halin da ake ciki. Na biyu, abin da ake sa ran zai faru. Na uku, shawara. In sa a ambulan in ba mahaifiyarta ta kai. Shawarar ba ta taɓa wuce layi biyu ba: a ƙara haƙuri zuwa baɗi, kada a zubar da abin da aka tara saboda gaggawa. Guda bakwai na rubuta, ina da kwafin kowace a fayil. Kowace kuma amsarta takan dawo ta bakin uwar, wai ta gani, Allah ya ƙara girma. Ina jin daɗi, ina cewa na haifi mai jin magana.

Ranar da na dawo daga wurin kafinta na sami mai ɗakina tana ninke wanki a kan gado. Na tambaye ta tun yaushe kafinta ya shiga dangi. Ko zanen da ke hannunta ba ta ajiye ba. Ta ce cikin wata bakwai ne. Ta ce Dakta ta ajiye aiki wata biyar da suka wuce, domin likita ya hana ta hawa bayan motar da ke kai su ɗibar ruwa a rijiyoyi da madatsai, ta roƙi a bar ta a ofis aka ce 'yar kwantaragi ba ta zaɓen wuri. Ta ce shekara uku ke nan suna zaryar asibiti ita da mijinta, gwaji da allurai, kafin Allah ya kawo. Wato takarduna uku na ƙarshe, ana karanta su ne a bencin jiran likita, a aiko mini da Allah ya ƙara girma.

Na ce to me ya sa aka ɓoye mini. Ta ce yarinyar ce ta roƙe ta, wai kada Baba ya ji sai an sauka, don in ya ji zai aiko da ta takwas, ita kuma ba ta da ƙarfin karantawa. Sannan ta ɗago ta dube ni, matar da muka yi shekara arba'in da biyu ban taɓa jin ta ɗaga mini murya ba, ta ce ita ta jira mini shekara goma sha huɗu ta tashi da guda ɗaya, 'yarta ba za ta jira wa kowa ba. Ta ce in haushi zan ji, in ji nata, ita ce ta raka yarinyar wurin likita ranar farko. Ta juya ta ci gaba da ninkinta.

Abin da ya fi ci mini rai, Malama, shi ne wayar. Wata huɗu ba ta taka gidan nan ba, wai aiki ya yi yawa, amma duk ƙarshen mako takan kira. Ni kuma tambayata ta farko ita ce ya ofis. Sai ta ba ni labari. Har labarin injin gwajin da ya lalace aka rasa mai gyara ta ba ni, na yi ta faɗa ina zagin sakacin ma'aikatan yanzu, ashe tana kwance a ɗakinta da matashi a ƙarƙashin ƙafa. Uwarta na zaune kusa da ni tana jin komai, tana tankaɗe garinta. Ban san ranar da na zama abin da ake lallaɓawa kamar mai ciwon hauka ba.

Kowa ya sani sai ni. Har ƙanena. Wannan ƙanen nawa daga firamare ya gudu, taya yake sayarwa a bakin tasha, 'ya'yansa tara. Shekaru na yi ina zaunar da shi ina nuna masa a takarda cewa abin da yake samu ba zai riƙe su ba. Sai ya ce to Yaya, ya tafi ya ƙaro wani. Yau gidansa ba ka jin maganar kanka don hayaniyar jikoki, ni kuma agogon bango nake saurare. Motarsa ce ke kai Dakta asibiti. Da ya ji na ji, ya zo ya zauna a bakin kujera yana murza hula, wai Yaya ka sassauta, jika ba ya aiko da takardar sanarwa kafin ya zo. Na ce masa ya gaida gida.

Sai ga na ƙarshe. Makon jiya a layin tantance 'yan fansho na haɗu da wani tsohon abokin aiki wanda har yanzu yana da ido a cikin ma'aikatu. Ya ce mini jerin waɗanda aka mayar na dindindin ya fito, wata biyu bayan ta ajiye aiki. Ya gani da idonsa. Sunanta na huɗu, an ja masa jan layi. Shekara takwas tana jiran wannan takarda, Malama. Da ta daure wata biyu. Ashe ban yi ƙarya ba, lokaci kawai na kuskure.

Mutumin ya yi mini halacci. Ya samo mini fom ɗin da wanda ya ajiye aiki cikin wata shida zai iya cikewa ya nemi a mayar da shi, kuma ƙarshen watan nan za a rufe karɓa. Na cike shi tsaf, na haɗa da kwafin takardun shaidarta, dama suna wurina tun na firamare. Sa hannunta kaɗai ya rage. Akwai 'yan sharuɗɗa: in an amince sai ta koma bakin aiki cikin mako huɗu, kuma sai ta shekara kafin ta cancanci wani hutu. Wannan ba abin damuwa ba ne a ganina, ga uwarta ta yi ritaya tana zaune, sai ta riƙe jaririn.

Halin da ake ciki yanzu, mako uku ban ci abinci tare da mai ɗakina ba. Takan rufe nawa ta ajiye a tebur, in ci in wanke kwanon da kaina don kada ta ce ta yi mini wani abu. Yarinyar ta kira sau biyu, ina kallon wayar har ta gaji. Ta turo mijin nata, Mai Sola, na ce masa ta bayan ƙofa ina hutawa.

Kada ki ɗauka taurin kai ne kawai. Tsoro nake ji. Na ga alƙaluman, ni na tara su: macen da ta bar aiki a irin shekarunta, da goyo, da wuya take komawa. Albashin malami na san iyakarsa, rufin mutane kuma ba kullum ake hawa ba. Fanshona wata ya zo wata ya ɓata. Ba ta da wa, ba ta da ƙane, ni na hana ta su, na sani. Aikin nan shi ne ɗan'uwan da na yi niyyar bar mata. An yi wa mai dami ɗaya sata, kuma 'yan gida ne suka buɗe wa ɓarawo ƙofa.

Tambayata ita ce, ta yaya zan sa ta sa hannu kafin wa'adi ya cika ba tare da na zubar da girmana ba? Ni zan je, ko in dake sai ta zo ta durƙusa ta nemi gafara tukuna? Ita kuma uwar, da wane ido zan ci gaba da kallonta?

Naki,
Tsohon Ma'aikacin Tsare-tsare


Wa alaikumus salam, Baba.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma zan fara da abin da kake da gaskiya a kansa, don yana da yawa. Babu uban da zai ji irin wannan labari a shagon kafinta bai ji an ci masa fuska ba. Ƙaryar da aka yi ta yi maka a waya ba daidai ba ce, ko da tsoro ne ya jawo ta, kuma 'yarka na da bashin ba ka haƙuri. Tsoronka ma ba na banza ba ne. Aikin dindindin ba a tsintarsa a hanya, kuma mace mai abin hannunta ta fi kwanciyar hankali a gidan miji kowane iri ne. Karatun da ka ba ta bai faɗi ƙasa ba. Ban yarda kai wawa ba ne.

Amma ka lura da wani abu. Kana jiran ta zo neman gafara, alhali ta ƙwanƙwasa sau uku, biyu da waya, ɗaya da mijinta, kai ne ka ƙi buɗewa. Mace mai cikin wata bakwai, wadda likita ya hana hawa mota, ba za ta zo ta durƙusa a tsakar ɗakinka ba, kuma bai kamata ka so haka ba. Ciki ne da aka samu bayan shekara uku ana nema, tana da shekara talatin da shida. Shirun da kake yi yana isa gare ta, kuma ba magani ba ne a wannan hali.

Alƙalumanka ba su yaudare ka ba, Baba. Sun gaya maka abin da dubban mata suka yi da suka samu ilimi da zaɓi: suka duba halinsu, suka tsai da lokacinsu da kansu. Kai sai ka ɗauki sakamakon ka mayar da shi umarni, ka cire zaɓin. Ka ba ta ilimin da za ta yanke wa kanta shawara, ranar da ta yanke kuma ka kira shi cin amana. Shekara huɗu ta bi takardunka. A ta biyar ta yi abin da kai ka koya mata, ta dubi nata alƙaluman, ta ga ma'aikata na iya ɗage alƙawari duk shekara amma jikin mace ba ya ɗagewa. Ka ce da ta daure wata biyu. A lokacin babu wanda ya san wata biyu ne, kamar yadda ba ka san biyun kwatas za su zama shida ba. Kuma watanni biyun nan a bayan mota za ta yi su, a kan hanyar da likita ya hana.

Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Wanda ya sa 'yarka zaɓe tsakanin ɗa da aiki ba uwarta ba ce, ba kuma Mai Sola ba. Wata doka ce da aka ce ta wucin gadi ce, ta tsufa a kan kujera. Kai da bakinka ka ce kana ɗakin da aka duba irinta. Ban faɗa don in ɗora maka laifi ba, na faɗa ne don kana cikin 'yan kaɗan da suka san ƙofar da ake bugawa. In hannunka na ƙaiƙayin rubutu, ka tara tsofaffin abokan aikinka ku rubuta wa masu wannan doka, da lambobi da hujjoji yadda ka iya. Akwai 'ya'yan mutane da yawa a wannan layi.

Kafin ka je ko'ina, ka fara da matar da ke rufe maka abinci. Maganar da ta faɗa maka ba ta ranar ba ce, ta shekara talatin tana ɗauke da ita. Ka ce kun fahimci juna. Ina ganin ita ce ta fahimce ka, kai kuma ka ɗauki shirunta a matsayin sa hannu. Ta sha gorin dangi shekara shida a kan abin da ba nata ba, ta binne ciki biyu, ba ta tona ka ba. Wadda ta rufa maka wannan asiri, in ta rufa wa 'yarta na wata bakwai, ba maciyiya amana ba ce. Yau ka ɗauki kwanonka ka zauna kusa da ita. Ba sai ka yi dogon jawabi ba. Ka ce mata ka ji abin da ta faɗa, kuma ba ka taɓa tambayarta ba, ka tambaye ta yanzu. In ta yi magana kada ka gyara mata kwanan wata. Ka kuma lura cewa a wasiƙar nan ka riga ka ba ta aikin raino na shekara guda ba ka shawarce ta ba. Karo na uku ke nan kana tsara mata shekarunta.

Sai batun fom. Ba zan ce ka yaga ba. Labarin jerin nan da damar komawa haƙƙin 'yarka ne, in ka ɓoye ka yi abin da kake kuka an yi maka. Amma ka sake karanta sharuɗɗan da ka kira ƙanana. In amincewa ta fito da wuri, ranar komawarta na iya faɗawa a makon haihuwa ko tana cikin jego. Ga aikin da ya dace da kai: ka koma wurin abokin naka ka tambaya ko takardar likita na iya sa a ɗage ranar kama aiki, da kuma wanda ke da ikon ɗagewa. Ka samo amsar a rubuce. Sannan ka nemi wani fom ɗin wanda ba a cike ba. Wanda ka cike ka bar shi a fayil ɗinka. Ka kira surukinka, ka kira shi da sunansa, ka ba shi fom ɗin da bayanin da ka samo, ka gaya masa ranar rufewa sau ɗaya. Shi ne ya zauna a bencin asibiti shekara uku, da shi za a yi shawarar. In sun cike, ka taimaka ya isa teburin da ya kamata. In wa'adi ya wuce ba su ce komai ba, amsarsu ke nan, kuma kada maganar ta sake fitowa daga bakinka, ko a fushi ko a wasa. Mai digiri biyu a gwajin ruwa ba ta rasa ƙofa har abada don wannan ta rufe. Wataƙila ta yi jinkiri, wataƙila ta samu ƙasa da wannan. Hasara ce, na yarda. Ita ta auna ta ɗauka.

Ka ce aikin ne ɗan'uwan da ka so bar mata. Ka duba da kyau, ba ita kaɗai ba ce kamar yadda kake tsoro. Tana da uwar da ta raka ta, da mijin da ya zo ƙofarka aka kore shi bai yi zuciya ba, da baffan da ya ba da motarsa. Wanda babu a jerin kai ne, kuma gurbin nan ba ya cikuwa da kowa.

Ka je cikin makon nan, ka tafi da mai ɗakinka, kada ka riƙe ko ambulan. Zuwa gaida 'ya marar ƙarfi bai taɓa rage wa uba girma ba. Kada ka tambaye ta ofis, kada ka tambaye ta dalili. Ka tambaye ta jiki. Wataƙila ta yi kuka ta ba ka haƙurin da kake nema tun kafin ka zauna, wataƙila kunya ta hana ta sai wani zuwan. Kowanne ya faru, akwai kalma huɗu da take jira daga bakinka wata bakwai ke nan, kowa ya faɗa mata su, har kafinta, amma naka ne ba ta ji ba: Allah ya raba lafiya. Ka faɗa, ka yi shiru, ka sha ruwan da aka kawo maka.

Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu, ya sanyaya maka zuciya, ya ba ka tsawon ran da za ka gan shi yana yi maka ɓarna a tebur.

Taka,
Mai Fili